Ƙwan lantarki a hancin kilim: yadda dabarar ke aiki, da inda take kashe injin

A bazarar bara, cikin watan Afrilu, kawuna mai sayar da kayan garka a Tahoua ya aiko in zo in ga ɗakin sanyin da ya haɗa. Ɗan ɗaki ne a bayan mangazarsa, mita uku a kan uku, ginin siminti, rufin kwano. Ya kafa kilim mai doki ɗaya da rabi a bango, ya jera kwandunan tumatir da tattasai a ƙasa. Da ya ɗaga murfin gaban injin sai na ga wani ɗan ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, an ɗaure shi da salatif a jikin wata siririyar waya mai baƙin kai kamar kan ashana. Ƙwan na ci.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Ɗana, da can injin nan da ya ɗan yi aiki sai ya tsaya ya huta, tumatir na laushi ina kallo. Wani mai gyara ya sa mini wannan. Tun shekaranjiya bai tsaya ba ko sau ɗaya."

Gaskiya ya faɗa, bai tsaya ba. Kuma dabarar ba tatsuniya ba ce, tana da tushe a ilimi, har akwai kamfanin da ya mai da ita sana'a a Amurka. Sai dai abin da aka ɗaura wa kawu rabin dabarar ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Ɗaya rabin, wanda aka bari, shi ke raba ɗakin sanyi da injin da zai ƙone.

Kilim ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya kai waje. Gas ne ke zagayawa cikin bututun jan ƙarfe. Kwampiresa, wato injin nan mai gurnani a akwatin waje, shi ke matse gas ɗin har ya yi zafi, fanka ta hura masa iska ya huce ya zama ruwa. Ruwan ya bi ta wani matsattsen bututu ya faɗo cikin ragar alminiyam da ke akwatin ciki, a nan ya sake zama tururi, kuma a wajen zama tururin ne yake shanye zafin iskar ɗakin. Idan ka taɓa zuba turare a bayan hannu ka ji sanyi yayin da yake bushewa, ka riga ka ji abin a jikinka. Muddin kwampiresa na juyawa, ana kwasar zafi. Da ya tsaya, fankar ciki iska kawai take kaɗawa.

Wa ke ba shi umarnin tsayawa? Wannan ƴar wayar mai baƙin kai. Masu gyara na ce mata sondi. A kanta akwai wani ɗan sinadari da ke sauya yadda yake barin kuran ya wuce gwargwadon ɗumin da ya ji: idan ya ji zafi kuran ya wuce da sauƙi, idan ya ji sanyi ya tsuke. Katin lantarkin da ke cikin injin ba shi da ido, ba shi da fata. Duk abin da ya sani game da ɗakinka daga bakin sondi ya ji shi. Ka danna 20 a telekomand, sondi ta ce ɗaki ya kai 20, kati ya kashe kwampiresa. Kuma yawancin kilim na gida ba sa yarda a danna ƙasa da digiri 16, wasu 17 ko 18, domin an ƙera su ne don jikin ɗan Adam.

To a nan ƙwan ya shigo. Tsohon ƙwai mai zare, fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, haske ɗan kaɗan ne. Ka manna ƙwai mai wat 5 ko 7 a jikin sondi, za ta yi ta jin ɗumin digiri 30 ko fiye ko da ɗakin ya sauka 12. Kati ya yarda da ita, kwampiresa ya yi ta aiki. Zafin da ƙwan ke ƙara wa ɗakin bai taka kara ya karya ba, tun da kilim mai doki ɗaya da rabi na kwashe kusan wat 3,500 na zafi. Ƙwan LED na zamani ba ya yin wannan aikin sosai, saboda kyawunsa ke nan, ba ya ɓarnar wuta a zafi.

Bari in ɗan ratse, don na ji mutane na haɗa wannan da wani abu daban. Wanda ya girma a ƙauye zai tuna firigon likita, wanda ake ajiye allurar rigakafi, mai aiki da kananzir ko buta ta gas, da ɗan harshen wuta a ƙasansa. A can wutar ce da kanta ke yin aikin: tana dafa ruwan amoniya, tururin ya zagaya ya shanye zafi, babu kwampiresa ko kaɗan. Wani Bafaranshe, Ferdinand Carré, ya fito da wannan tsari a 1859, sannan ɗalibai biyu ƴan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙera samfurin da ba shi da wani abu mai motsi a 1922. Ana sanyaya manyan gine-gine ma da irin wannan fasaha, amma zafin da take nema mai yawa ne. Kafin ta kwashe wat 3,500 daga ɗaki, sai an ba ta kusan wat 5,000 na zafi. Saboda haka kada wani ya yi tsammanin kyandir ko fitila za ta tayar masa da kilim ranar da aka ɗauke wuta. Ƙwan kawu ba ya ba injin ƙarfi ko na anini, labari kawai yake gaya masa.

Kwana huɗu bayan ziyarata, kawu ya kira ni da sassafe. Na tarar da ruwa kwance a ƙasa, kwandunan da ke ƙarƙashin injin sun jiƙe. Da muka buɗe murfin, ragar alminiyam ba ta ganuwa. Ƙanƙara ta rufe ta fari fat, kaurin ɗan yatsa, har ta bi siririn bututun ta leƙa waje. Fanka na juyawa, amma ka sa hannu a bakin injin da ƙyar za ka ji iska. A waje kuma kwampiresa na wani irin kuka mai nauyi wanda ba nasa ba. Ma'aunin zafin da na riƙo ya nuna ɗakin na kan 21, alhali injin bai huta ba dare da rana.

Dalilin shi ne ragar nan kullum ta fi iskar ɗaki sanyi da kamar digiri 10 zuwa 15, in ba haka ba zafi ba zai shiga cikinta ba. Idan ɗaki na 25, raga na wajen 10, ruwan da ke cikin iska ya taru a jikinta ya ɗiga ta tiyo zuwa waje. Wannan shi ne ruwan da muke tarewa da bokiti. Amma idan aka tilasta ɗakin ya sauka zuwa 12 ko 10, raga ta faɗa ƙasa da sifili, raɓar ta daskare a wurin. Ƙanƙara ta toshe ƴan ramukan da iska ke bi, iska ta ragu, raga ta ƙara sanyi don babu zafin da ke iso ta, ƙanƙara ta ƙaru. Abin na ciyar da kansa. Kayan garka kuma ruwa ne a jikinsu, suna fitar da shi dare da rana, don haka ɗakin tumatir ya fi ɗakin kwana saurin yin ƙanƙara nesa ba kusa ba, ko da a bushewar watan Maris.

Asarar sanyi ita ce ƙaramar ɓarna. Babbar tana waje. Idan gas bai sami zafin da zai mai da shi tururi a cikin raga ba, yana komawa wa kwampiresa a matsayin ruwa. Kwampiresa an yi shi ne ya matse tururi, ruwa ba ya matsuwa. Yana wanke man da ke shafe ƙarafan ciki, yana dukan bawul, wata rana sai dai a ji shiru. Duk wanda ya taɓa sayen sabon kwampiresa da cikon gas ya san kuɗin ba su da nisa da na sabon injin.

Masu ƙera kilim sun san da wannan, shi ya sa mafi yawan na zamani ke da sondi ta biyu, mai kan jan ƙarfe, a soke cikin wani ɗan kube a jikin bututun raga. Aikinta ta tsai da kwampiresa idan bututun ya doshi daskarewa. A injin kawu, mai gyaran ya zare ta ya bar ta tana reto, domin ita ma tana tsai da injin. Wannan shi ya fi ɓata mini rai a duk lamarin. Ya cire wa injin abin da ke kare shi, ya karɓi kuɗin aikinsa, bai faɗa wa mai kaya ba.

Cikakkiyar dabarar ita ce wadda wani manomi a jihar New York, Ron Khosla, ya haɗa a gonarsa don ba shi da kuɗin ɗakin sanyi na kamfani, daga baya aka sa mata suna CoolBot. Wayoyi uku gare ta. Ɗaya na auna iskar ɗaki. Ɗaya a soke take tsakanin faifan ragar, tana sauraron ƙanƙara. Ta uku ɗan abin ɗumi ne da ake naɗe shi tare da sondin kilim cikin takardar alminiyam. Abin ɗumin ba ya kamawa sai sharuɗɗa biyu sun cika: ɗakin ya fi yadda ake so zafi, kuma raga ba ta fara daskarewa ba. Da ɗaya ya karye, sai ɗumi ya ɗauke, sondi ta ji sanyin gaskiya, kati ya kashe kwampiresa, fanka ta ci gaba da hura iskar ɗaki a kan raga har ƙanƙarar ta narke, sannan a sake kamawa. Da wannan kai-komo ake sauke ɗaki mai kyakkyawan rufi har zuwa digiri 2 ko 3. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta gwada ta da ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi. Ilimin duka yana wajen sanin lokacin da za a kashe ƙwan, kunna shi kowa ya iya.

Ba dole sai an yi odar wannan akwati daga ƙetare ba. Mai gyaran da ya san aikinsa zai iya haɗa irinsa da ƙananan na'urorin auna zafi masu lamba guda biyu, irin STC-1000 da masu ƙyanƙyasar ƙwan kaji ke amfani da su. A jera su a layi ɗaya yadda kuran ba zai kai ga abin ɗumin ba sai dukansu sun buɗe hanya: ta farko a sa ta a kan zafin da ake so ɗakin ya tsaya, ta biyu a soke bakinta cikin raga a sa ta yanke idan ta doshi digiri 1. Abin ɗumin kuwa gara ɗan ƙwan mota mai bolt 12, wat 5, a kan ƙwan 220 da ruwa zai iya ɗigo wa. A zaro sondin daga gaban raga a rataye ta gefe, nesa da robar injin. Kyandir, fitilar kananzir, garwashi, ko kusa kada a kawo su: jikin injin roba ne, kuma gas ɗin sababbin injuna, R32 da R290, yana kamawa da wuta idan ya yi yoyo. Haka nan ba kowane kilim ke karɓar wannan wasa ba. Wasu masu inbata, wato waɗanda kwampiresansu ke rage gudu ko ƙarawa maimakon tsayawa da tashi, suna kwatanta abin da sondi biyu ke faɗa, in suka ga maganar ba ta haɗu ba sai su tsaya su nuna lambar matsala.

Kafin ma a kai ga ƙwai, akwai tambayar da nake ganin mutanenmu na tsallakewa: me ya sa injin ke tsayawa? A Yamai da Tahoua, tsakanin Afrilu da Mayu, rana na haura digiri 40 kusan kullum. Kilim ɗin da ke tsayawa da ƙarfe uku na rana alhali ɗaki na zufa, ba sondi ce ta tsai da shi ba. Ko dai kwampiresa ne ya yi zafi har makarinsa ya yanke, ko kuran ya yi rauni, ko ƙurar hunturu ta toshe ragar waje, ko gas ya ragu, ko kapasito, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa kwampiresa tashi, ya gaji. Dubi takardar da ke manne a akwatin waje. In ka ga T1, an auna ƙarfin injin ne a zafin waje na 35. In ka ga T3, an auna shi a 46, irin na ƙasashenmu ke nan. Injin T1 da aka kafa a bangon yamma, rana na dukansa, dole ya riƙa sarewa. Ka ɗaura wa irin wannan ƙwai, ba abin da zai sauya, ko kuma ka hana shi ɗan hutun da ke raya shi. Maganinsa rumfa ce a kan akwatin waje wadda ba ta tare iska, da wanke raga, da na'urar daidaita kuran.

Ga mai son ɗakin kwana ya ƙara sanyi kawai, ban ga dalilin dabarar nan ba sam. Idan injin ya kai ɗakinka 16 ya tsaya, ya yi aikinsa har ya wuce. Indiya tun farkon 2020 ta wajabta wa masu sayar da kilim su fito da shi a saite kan 24. Injin doki ɗaya da rabi wanda ba inbata ba na cin fiye da kilowat ɗaya kaɗan. In bai huta ba awa 24, ya ci kusan kilowat-awa 28 a yini, sama da 800 a wata, kuma farashin NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, mataki-mataki yake hawa, mai ci da yawa ya fi biyan tsada a kan kowane kilowat.

Wanda dabarar ta dace da shi shi ne mai kayan da ke lalacewa, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi, domin kayan ne ke faɗin sanyin da suke so. Ƙa'idar da masana ajiyar amfanin gona suka sani ita ce duk saukar digiri 10 na rage saurin lalacewar ɗanyen kaya sau biyu zuwa uku. Tumatirin da aka fito da shi daga rumfa mai digiri 38 aka kai shi 13 ya sami kwanaki masu yawa. Amma ka kai shi 4, sanyi ya dake shi: ya ƙi nuna da kyau, ɗanɗano ya tafi, ya fito kasuwa ya ruɓe da wuri. Tumatir na son 10 zuwa 13, mangwaro wajen 13, ayaba 13 zuwa 14, tattasai 7 zuwa 10. Kabeji, karas da salati su ne masu son kusa da sifili. Nama da madara kada su wuce 4, kuma ni ba zan ba kowa shawarar ya dogara da kilim don su ba, balle allurar rigakafi da dole ta zauna tsakanin 2 da 8. Ka ga ke nan mai tumatir da mangwaro ɗan taki kaɗan yake nema ƙasa da 16, kuma a nan haɗarin ƙanƙara da sauƙi.

Sai albasa, wadda ita ce dukiyar jiharmu, daga Galmi zuwa Madawa da Konni. Kawu ya so ya cika rabin ɗakin da buhunan albasa a lokacin girbi, Maris da Afrilu, ya jira farashi ya tashi bayan damina. Na roƙe shi kada ya yi. Albasa halinta daban. Tana barci a sanyi sosai, kusa da sifili, tana kuma barci a zafi, daga 25 zuwa 30. Tsakanin nan, musamman 10 zuwa 15, shi ne inda take farkawa ta yi tsiro. Wato sanyin da kilim ke bayarwa ba tare da wahala ba shi ne mafi muni gare ta. Ga laima: tana son iska mai ɗan bushewa, kashi 65 zuwa 70, alhali ɗakin tumatir damshi ne, saiwa za ta fito, ruɓa ta biyo baya. Rudun da kakanninmu ke yi da kara da ciyawa, a ɗage daga ƙasa, iska na ratsawa ta ko'ina, ya fi ɗakin kilim mai digiri 14 dacewa da albasar Galmi. Gyaran da rudu ke buƙata shi ne a busar da albasar sosai kafin a zuba, kada a tula ta da kauri, a kare ta daga ruwan sama.

Ba nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Ko an haɗa wayoyi daidai, ɗakin siminti mai rufin kwano ba zai riƙe sanyi ba. Kilim na rasa ƙarfi yayin da ɗaki ke ƙara sanyi, ga bambancin ciki da waje ya kai digiri 30. Masu CoolBot na cewa a lulluɓe bango da sama da soso mai tauri, mai kama da farin nan da ake samu a kwalin firigo, kaurin aƙalla santimita 10, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu har da daɓe. A sa leda mai kauri ta ɓangaren waje na soson don laima kada ta shige shi, a toshe duk wata kafa, ƙofa ta sami roba a bakinta. Kuɗin wannan ya kan fi na injin. Amfaninsa na biyu kuwa mu muka fi kowa saninsa. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, aka yi watanni ana rabon kuran unguwa-unguwa har cikin 2024. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 da ta Gorou Banda mai 30 sun taimaka, amma yankewar wuta a bazara ba ta ƙare ba. Ɗaki mai rufin kirki, cike da kaya masu sanyi, ƙofa a rufe, zai jure awoyi. Na kawu kafin gyara, rabin awa ya ishe shi ya koma tanda. Wasu na jera jarkokin ruwa a gindin bango don su riƙe sanyi, kuma yana aiki.

Mun kashe injin ranar nan, muka bar fanka kaɗai har ƙanƙarar ta zube, Allah ya sa kwampiresa bai riga ya tafi ba. Wani mai gyaran daban ya mai da sondin bututu cikin kubenta, ya cire ƙwan 220, ya haɗa na'urori biyun da ɗan ƙwan mota. Rufin soso ya ɗauki kawu wata biyu, bango ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon ciniki. Yanzu ɗakin na kan 12. Ana kawo masa tumatir da asuba kafin rana ta taɓa shi, ya ɗora kwanduna a kan katako nesa da bango, ba ya buɗe ƙofa sai safe da yamma. Duk Juma'a yaronsa na wanke ragar tace ƙura, ya leƙa ko akwai farin ƙanƙara a faifan. Albasarsa tana can cikin rudu a gonar ƙanensa, hanyar Galmi.